Daga Sassaƙe zuwa Allura: Tarihin Magungunan Sankara da Aka Samo daga Itatuwa



Idan maganar maganin sankara ta taso, wato ciwon da muke kira daji, mutane sukan rabu gida biyu. Wasu su ce duk abin da ake nema yana nan cikin ganye da saiwa, asibiti ɓata lokaci ne. Wasu kuwa su ce zancen itace zancen jahilci ne. Tarihin da zan kawo muku bai goyi bayan ko ɗaya ba. Abin da ya nuna shi ne, lalle akwai magani cikin itace, amma tsakanin itacen da jijiyar majinyaci akwai tafiya mai nisa, kuma yawancin wahalar tafiyar tana wajen harhaɗa maganin ne da samun isasshensa.

Bari mu fara da wani ɗan fure, asalinsa daga tsibirin Madagaska, wanda Turawa ke kira feriwinkil. Da yawanku kun san shi ko ba ku san sunansa ba, gama ana shuka shi don ado a harabar ofisoshi da makarantun ƙasar nan, furensa fari ko ja-ja. Mutanen Jamaika sun daɗe suna shan jiƙon ganyensa don ciwon sukari. A shekarar 1952 wasu ganyayensa suka isa hannun Dokta Robert Noble na wata jami'a da ke Ontariyo, ƙasar Kanada. Ya gwada su kan dabbobi bai ga sukari ya sauka ba. Amma da ya yi wa ɓeraye allurar ruwan ganyen, sai fararen ƙwayoyin jininsu suka ragu ƙwarai. Tunani ya zo masa cewa abin da ke iya rage waɗannan ƙwayoyi zai iya amfani ga sankarar jini, inda suke hayayyafa ba ƙaidi. Shi da abokin aikinsa Charles Beer suka tace sinadarin a 1958, shi ne binbilastin. Kamfanin Eli Lilly na Amurka ya tace ɗan'uwansa binkiristin, aka amince da shi a 1963. A lokacin nan ko yaro ɗaya cikin 10 ba ya tsira daga sankarar jinin da ta fi kama yara. Yau a ƙasashe masu hali kusan 9 cikin 10 suna warkewa, kuma binkiristin na cikin jerin magungunan da ake haɗa musu.

Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, cutar da masu jiƙo suka nufa daban, wadda maganin ya yi wa aiki daban. Na biyu, sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a sami giram ɗaya na binkiristin, don haka ba a samun wannan magani cikin ƙoƙon jiƙo. Daɗin daɗawa dafi ne mai ƙarfi: ta jijiya kaɗai ake ba da shi, in aka kuskure aka zuba shi cikin ruwan laka, mutuwa ce kusan ba makawa. Saboda irin wannan kuskure ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2007 cewa a riƙa haɗa shi cikin ƙaramar jakar ƙarin ruwa maimakon sirinji.

Wannan nasara ta ƙara wa Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka ƙwarin gwiwa. Tsakanin 1960 da 1982 ta gwada ruwan tsirrai fiye da kala 100,000, amma 'yan kaɗan ne suka kai ga zama magani. Mafi shahara cikinsu ya fito daga wani itace da ake kira yu, mai tsirowa a dazuzzukan arewa maso yammacin Amurka. A watan Agusta na 1962 wani masanin tsirrai, Arthur Barclay, ya sassaƙo ɓawonsa a jihar Washinton. Samfurin ya je hannun Monroe Wall da Mansukh Wani a jihar Karolina ta Arewa. Daga kilo 12 na busasshen sassaƙe, abin da suka samu bai wuce rabin giram ba. Suka raɗa masa suna Taxol, suka bayyana tsarin gininsa a 1971. Daga baya sunan ya zama na kasuwanci, aka koma kiran sinadarin fakilitaksel.

Shekaru suka shuɗe ba wanda ya damu da shi sosai, sai a 1979 da Susan Horwitz ta Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein a birnin Niyok ta gano yadda yake aiki. Ƙwayar halitta in za ta rabu biyu takan kafa wasu siraran sanduna a cikinta, kamar yadda magini ke kafa tsani, ta kuma kwance su bayan ta gama. Magungunan feriwinkil suna hana kafa tsanin ne. Taxol kuwa hana kwance shi yake yi, ƙwayar ta maƙale ta kasa rabuwa, har ta mutu. Ba a taɓa ganin magani mai irin wannan dabara ba kafinsa.

To amma tsugune ba ta ƙare ba, domin sinadarin kusan ba ya narkewa cikin ruwa, alhali kuwa abin da za a sa a jini dole ya narke. Masu harhaɗa magunguna sun riga sun ga illar gaggawa a nan. Wall da Wani ɗin nan sun tace wani sinadari, kamtotesin, daga wani itacen ƙasar Sin a 1966. Da aka ga ba ya narkewa, sai aka mai da shi wani irin gishiri. Ya narke, amma ƙarfinsa ya ragu, ya kuma riƙa ƙona mafitsarar majinyata, har aka dakatar da gwajinsa a farkon shekarun 1970. Sai a 1996 Amurka ta amince da magunguna biyu da aka gyaro daga gare shi.

Game da Taxol, dabarar da aka samu ita ce a narkar da shi cikin wani ruwa mai suna Cremophor, wanda ake sarrafawa daga man zurma, a gauraya da tataccen barasa, rabi da rabi. Da aka fara gwaji kan mutane a 1984, sai wasu majinyata suka riƙa samun sarƙewar numfashi da faɗuwar bugun jini 'yan mintoci bayan an ɗaura musu, har aka rasa rai. An fi ɗora laifin kan ruwan narkarwar. Saura kaɗan a watsar da maganin. Likitoci suka tsawaita ƙarin ruwan zuwa awa 24, suka riƙa ba da magungunan rigakafin borin jiki tun kafin a fara. An kuma gano ruwan yana tsotso wani sinadari daga jakunkunan roba na yau da kullum, don haka aka koma kwalba ko roba ta musamman. A 1989 likitocin Jami'ar Johns Hopkins suka ba da rahoto cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na matan da sankarar ma'ajiyar ƙwai ta gagari sauran magunguna sun sami sauƙi.

Nasarar ta haifi wata matsala. Itacen yu yana da jinkirin girma, kuma in an kware ɓawonsa mutuwa yake yi. An ƙiyasta cewa jinyar mace ɗaya za ta ci itace uku ko fiye. Masu kare daji da masu neman magani suka shiga jayayya. Mafita ta fito daga Faransa, inda Pierre Potier da mutanensa suka gano cewa ganyen yu na Turai yana ɗauke da wani sinadari makusanci, wanda za a ƙarasa gininsa a ɗakin gwaje-gwaje, ganye kuwa in an tsinka yakan sake toho. Robert Holton na jihar Fulorida ya inganta hanyar har ta isa masana'anta. Amurka ta amince da Taxol a watan Disamba na 1992, wato shekara 30 bayan sassaƙen Barclay, ta ƙara da sankarar mama a 1994. Daga baya aka iya renon ƙwayoyin itacen cikin manyan tankuna. A 2005 kuma aka fito da Abraxane, inda aka lulluɓe sinadarin cikin furotin na jinin ɗan Adam, aka rabu da man zurma, ƙarin ruwan ya dawo minti 30.

Jama'a, mai haƙuri ne ke dafa dutse, amma haƙurin nan da kuɗi aka yi shi, da kuma cibiyoyin da suka riƙe aiki ɗaya shekara da shekaru. Ɗalibinmu da ya ga ruwan wani ganye ya kashe ƙwayoyin sankara cikin kwalbar gwaji ya sani yana inda Wall da Wani suke a 1964 ne, tafiyar duk tana gaba. Ma'aikacin da ke tsara kasafin bincike ya tuna da mai harhaɗa magani, da mai auna dafi, da mai kula da daji, kamar yadda yake tunawa da mai tono saiwa. Wanda kuma aka zo masa da kwalbar tsimi aka ce tana warkar da daji, ya tambaya: wane sinadari ne a ciki, nawa ne awonsa, kuma kan mutum nawa aka gwada shi? Sankarar mama da aka kai asibiti da wuri tana jin magani ƙwarai, kuma watannin da ake ɓatawa wajen jiƙo su ne waɗanda likita ya fi bukata.