Soja Mai Suna "Kano"

A maƙabartar sojoji ta Taukkyan, arewa da birnin Rangun a ƙasar Bama, akwai ginshiƙai da aka sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 a jikinsu. Dukansu sojojin ɓangaren Ingila ne da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu, ba a kuma san kabarinsu ba. An ƙaddamar da ginshiƙan a 1958, kuma akwai 'yan Nijeriya a ciki. Magatakardan soja na lokacin ya saba rubuta ɗan Arewa da sunan yanka kawai, sai ya liƙa masa sunan gari ko na ƙabila, irin su Audu Kano ko Garba Katsina. Sunan uba ba ya shiga, balle na ƙauye.

Mu duba abin da wannan "Kano" ya haɗiye. A wancan zamani Ungogo gunduma ce a arewa da birni, ƙasar da gona ke manne da gona, inda jakuna ke kai itace cikin gari su komo da taki. A irin wannan wuri saurayi guda hannu ne babba a gandun ubansa, musamman a shekarun yaƙin da Turawa suka matsa a ƙara noman gyaɗa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero ta hannun hakimai da dagatai ake neman mutanen soja. Wasu sun tafi da son ransu, don albashi ko don ganin duniya. Wasu kuwa dagaci ne ya nuna su, kuma ba kasafai yakan nuna ɗan mai hali ba.

Daga Kano jirgin ƙasa ne zuwa kudu, daga Legas jirgin ruwa zuwa Indiya. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta isa can a 1943, ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944. Runduna ta 82 ta biyo baya, suka haɗu wajen ƙwace Myohaung daga hannun sojojin Japan a Janairu 1945. Dajin ba ya shiguwa da mota, don haka dubban samarinmu aikinsu dako ne: harsashi da abinci a ka, hawa da gangara cikin ruwan sama. Waɗannan su aka fi mantawa, alhali ba don wuyansu ba da rundunar ba ta yi taku ɗaya ba. Wanda harsashi bai samu ba, ga zazzaɓi da atuni suna jiransa. Ingila ba ta dawo da gawa gida, saboda haka uwar da ɗanta ya faɗi a Arakan ba ta ga likkafani ba, ba ta da kabarin da za ta nuna wa jikoki.

Ƙasa ta tuna da yaƙin, amma ta wata fuska. Akwai Barikin Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas. Wuraren da aka mutu da rundunonin da aka yi wa aiki sun sami suna. Mutanen ba su samu ba. Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya ma, wadda a dā take 11 ga Nuwamba, an mai da ita 15 ga Janairu saboda ƙarewar yaƙin basasa a 1970, sai mutanen Bama suka ƙara nisa daga zukata.

A nan batun ya shafi mai hidima. Yawancin samarin ƙasar Kano da suka tafi Musulmi ne, wasu Maguzawa, gama a lokacin aikin mishan a karkarar Kano bai wuce 'yan wurare ba, kamar asibitin kutare na Yadakunya a nan ƙasar Ungogo. Wannan ba dalili ba ne da zai sa fasto ya tsallake su a sujadar tunawa ta Janairu. Kafin ranar, ya zauna da tsofaffin unguwa, Kirista da Musulmi, ya tambayi wa ya tafi Bama bai dawo ba, ɗan wane ne, daga wane gida. Ya rubuta a littafin ikkilisiya. Masu iya ba da amsa ƙanne ne da 'ya'yan 'yan'uwa, su ma sun kusa ƙarewa.

Littafi Mai Tsarki kansa ya yi haka da Uriya Bahitte, baƙon da ya mutu a bakin garun Rabba cikin yaƙin wani sarki, da makircin sarkin nan kuma. Dawuda ya so maganar ta wuce a matsayin hasarar da aka saba yi a fagen fama. Amma 2 Sama'ila 23 ta rufe jerin jarumawan Dawuda da sunan Uriya, Matiyu kuma, da ya zo kan uwar Sulemanu a asalin Yesu, bai kira ta da sunanta ba, da sunan sojan nan ya ambace ta.