KUNNE YA GIRMI KAKA: Daga Garmaho Zuwa Abin Sawa A Kunne



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta ɓarke a ɗakinmu na kwana. Abokan zamana biyu sun shafe makonni suna ɗokin fitowar wani sabon abin sauraro mai tsadar gaske, irin wanda ake kifawa a kunne. Ɗaya ya ce mai waya ya fi fito da amon kiɗa, ɗaya ya ce mara waya shi ne na zamani. Da na ji kuɗinsa, sai na ƙiyasta buhun masara nawa manomi zai sayar a garinmu Karfi kafin ya mallake shi. Daga nan tunani ya ja ni zuwa ga yadda kakanninmu suka fara jin murya daga cikin akwati.

A shekarar 1877 ne Thomas Edison na Amurka ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar murya ta maido da ita. Bayan shekara goma Emile Berliner ya fito da mai faifai, wadda muke kira garmaho. Shi garmaho ba ya son batir. Wana shi ake yi da hannu, a ɗora allura kan faifai, kuma kowane gefe bai fi minti uku ko huɗu ba. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta isa Ƙaurar Namoda a 1929, ita da cinikin auduga, su suka buɗe wa irin waɗannan kaya ƙofar yankinmu. Kakana ya ce a ƙuruciyarsa sai attajiri ko ma'aikacin En'e ke da garmaho, kuma yara kan leƙa bayansa suna neman mutumin da ke ciki.

Sai rediyo ya biyo baya. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna kuma ya fara aiki a 1962. Ƙaramin rediyo mai batir shi ya shiga ƙauye sosai, domin bai damu da lantarki ba. Manomi ya kai audugarsa kasuwa, ya karɓi kuɗi, ya sayo keke da rediyo. Da dare a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, unguwa ta hallara. A nan ake jin labarin duniya da shirin Zaɓi Sonka, a nan kuma ake musu kan wane ne gwani tsakanin Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Wato gardamar masu sauraro ba yau aka fara ta ba.

Amma a ganina babban juyi shi ne zuwan kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963. Ya yaɗu a ƙasarmu cikin shekarun 1970, lokacin kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, da kuma shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975. Kaset ya fi faifai ta hanya biyu. Na farko, yana ɗaukar minti 60 ko 90, saboda haka doguwar waƙa irin ta Alhaji Mamman Shata, wanda ya zauna a Bakori da Funtuwa, ta sami wurin miƙe ƙafa. Na biyu, talaka ma yana iya ɗaukar magana da kansa. Da rikoda aka riƙa ɗaukar tafsiri da wa'azi da kiɗan biki, har wanda bai iya rubutu ba yakan yi magana a kaset ya aika wa ɗan uwansa da ke Kurmi ko Makka. Babana ya ce a majalisarsu musun da ake yi shi ne wace rikoda ce ta fi fito da zaƙin kalangu, wace ce kuma ba ta cin zare.

Shi kuwa abin sawa a kunne, Sony ce ta yayata shi a duniya da Walkman a 1979. Amma bai zama ruwan dare a wajenmu ba sai bayan shigowar wayar salula a 2001, da zuwan memori, wanda ya kashe kasuwar kaset.

To, ga inda gizo ke saƙa. Garmaho da rediyo da rikoda duk tara mutane suke yi. In mawaƙi ya jefo habaici ko ya ambaci wani basarake, dattijo na kusa zai warware wa yaro ma'anar, a nan yaro ke tsintar Hausa da tarihi. Abin kunne kuwa mutum ɗaya yake yi wa hidima. Da hutun bara na sa wa ƙanena waƙar Shata, ya ce kiɗan ya yi daɗi, amma rabin maganar bai gane ba. Na'urarsa ta fi ta kakanmu kyawun sauti nesa ba kusa ba, sai dai babu mai yi masa fashin baƙi.

Ban ce a yar da abin zamani ba, ni ma ina da nawa. Roƙona ga 'yan wannan ƙungiya shi ne, in mun je hutu mu binciki akwatunan iyayenmu. Kaset-kaset na nan zafi da ƙura na cinye su, masu sanin labarinsu kuma suna ta tafiya. Shata kansa ya rasu tun 1999. Mu kwafe su, mu kunna a fili, mu zauna da tsofaffi su yi mana bayani, mu rubuta. Nawa kakan ya ajiye kwali biyu, kuma da su zan fara in Allah Ya yarda.

Allah Ya sa mu dace, amin.