Kogin Iskar da Ya Haɗa Sararin Malesiya da Daminar Kano

Kusa da unguwar Sri Petaling, a kudancin Kuala Lumpur, akwai tsohon filin jirgin sama na Sungai Besi. Shi ne babbar tashar birnin daga 1952 har 1965, kafin a koma Subang, sannan Sepang a 1998. A zamaninsa ne matuƙa jirgi suka fara cin moriyar wasu koguna na iska masu kwarara can sama, tsakanin kilomita 9 da 16 daga doron ƙasa.

Wanda ya fara gano su shi ne Wasaburo Oishi, masanin yanayi ɗan Japan. A shekarun 1920, daidai lokacin da jirgin farko ya sauka Kano a 1925, yana sakin balan-balan daga Tateno, yana bin su da na'urar hange. Da zarar sun yi nisa, sai ya ga an fizge su gabas a guje. Ya wallafa bincikensa da harshen Esperanto, wanda ba kowa ke karantawa ba, aikin ya kwanta. Sai a 1944, da jiragen yaƙin Amurka suka tunkari Tokyo, iska ta kusa tsayar da su cak, aka yarda da bincikensa. A 1952 kamfanin Pan Am ya bi bayan wannan iska daga Tokyo zuwa Honolulu, tafiyar awa 18 ta koma 11 da rabi. Har gobe jirgin Landan zuwa Kuala Lumpur ya fi na komawa sauri.

Manyan kogunan nan daga yamma suke tahowa, kuma suna nesa da Malesiya, wadda ke dab da tsakiyar duniya. Amma akwai guda mai bin akasin haka, kuma a ganina shi ya fi cancanta mu sani. Masanin Indiya Koteswaram ya bayyana shi a 1958. Daga Yuni zuwa Satumba yana tasowa ta sararin tekun kudancin Sin, arewa da Malesiya, ya ratsa Indiya, ya biyo ta kan ƙasar Hausa. Zafin tudun Tibet ne ke rura shi. A Indiya yana sama da inda jiragen fasinja ke bi, don haka bai cika damun matuƙa ba. Manomi ne ke da ruwa da tsaki a ciki: in ya yi ƙarfi, yakan taimaki hadari ya haɗu, damina ta yi albarka. A farin 1972 da na 1984, da gero ya ƙone a tsaye daga Maraɗi har Katsina, masana sun same shi da rauni.