Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tarihin Yadda Talaka Yake Ɗaukar Nauyin Aure a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Kukan tsadar aure ya game ƙasar Hausa, tun daga Zariya har Maraɗi. Saurayi yana lissafin lefe da kuɗin hayar ɗaki, uban yarinya yana lissafin gado da kujeru, uwa kuwa barci ya ƙaurace mata saboda gara da kayan girki. Sau da yawa akan rufe zancen da cewa mutanen da sun huta, wai a zamaninsu da goro da fatiha ake aure. Da na bi sawun al'amarin a cikin tarihi, sai na tarar aure bai taɓa yi wa talakan Bahaushe arha ba. Abin da magabata suka fi mu da shi shi ne dabarar raba nauyi. Sun raba shi a kan shekaru masu yawa, sun kuma raba shi a kan mutane masu yawa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda dabarar ta yi aiki, da abin da ya raunana ta, da abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya tsinta daga cikinta a yau.

Wajibi da ƙari

Ya kamata a fara da rarrabe abin da shari'a ta wajabta da abin da al'ada ta ɗora. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta kafu a ƙasar Hausa, aure yana ƙulluwa da waliyyi da shaidu biyu da siga da sadaki. Mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari na zinariya, wato nauyin giram ɗaya da ɗan ɗoriya, ko dirhami 3 na azurfa, kuma haƙƙin amarya ne ita kaɗai. Walima sunna ce da ake yi gwargwadon hali. Sauran abubuwa, irin su kuɗin na-gani-ina-so da gaisuwar iyaye da kayan sa rana da lefe da sayen baki da gara, duk al'ada ce ta jera su.

Wannan rarrabewa tsohuwa ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya keɓe babi a kan aure a cikin littafinsa Ihya'us Sunna, inda ya ware abin da yake sunna daga abin da mutane suka ƙago. Ke nan tun kafin jihadin 1804 malamai suna ganin cewa an yi wa aure lodin da ba nasa ba. Duk da haka al'adun ba su gushe ba, kuma dalilin dawwamarsu shi ne abin da ya fi cancantar nazari.

Zamanin wuri

A shekarar 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Kano. Ya ƙiyasta cewa wuri 50,000 zuwa 60,000 ya ishi iyali guda ci da sutura na shekara. Ya kuma yi mamakin yawan masaƙa da marinan birnin, waɗanda tufafinsu suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Wannan yana da muhimmanci ga tarihin aure, domin mafi yawan kayan da ake haɗa wa amarya a wancan zamani daga hannun maƙwabta suke fitowa. Zane na saƙi ne, rini na karofin gari ne, takalmi aikin baduku ne. Shi kansa lefe sunan wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, a zuba 'yan zannuwan amarya a ciki. Kayan ɗaki kuwa ƙorai ne da akussa da faya-fayai da tabarmi da tukwane, sai tasoshin tagulla ga masu hali.

Ta ɓangaren namiji, tsarin gandu ne yake ɗaukar nauyi. Saurayi yana noma a gonar mahaifinsa shekara da shekaru, shi kuma uba ya san cewa auren fari na ɗansa bashi ne a wuyansa, tare da ɗakin da zai sa amarya a cikin gida. Babu kuɗin haya, kuma bayan kaka ake sa rana, lokacin da rumbu ya cika. Ta ɓangaren mace, uwa takan fara tarin kayan ɗaki tun yarinya tana ƙarama. Ribar kaɗi da fura da ƙuli-ƙuli da adashi, duk can suke tafiya, ƙwarya ɗaya yau, tasa ɗaya baɗi.

Sai kuma babban ginshiƙi, wato biki da gudummawa. Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Labarin nata cike yake da ƙawance da kai gudummawa a aure da suna. Mijin Mary, M. G. Smith, ya bayyana ƙa'idar biki: abin da ƙawa ta kawo miki a sha'aninki, za ki ninka mata shi a nata, a yi ta tafiya haka har ya kai inda ba a iya ninkawa, sai a koma ƙasa a sake farawa. A ganina wannan asusu ne cikakke ko da ba a rubuta shi ba. Matar da ta shekara 15 tana kai biki, ajiya take yi a hannun jama'a, ranar auren 'yarta kuma ta karɓi abinta. Shi ya sa Hausawa suke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma auren sadaka, inda uba yake ba malami ko almajiri ko wani mabuƙaci 'yarsa ba tare da neman dukiya ba, don neman lada. Hanya ce da ta aurar da waɗanda ba su da ko anini, sai dai sau da yawa ba a jin ta bakin yarinyar. Sauƙin da aka samu a wannan hanya, ita ce take biyan kuɗinsa, kuma bai dace a manta da hakan ba yayin yabon zamanin da.

Jirgin ƙasa da kwano

Turawa sun ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso birnin a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe a 1912. Sule da fam suka kori wuri, kantunan Turawa da na Kwarori suka cika da atamfa da kwanuka. Sannu a hankali kwano ya ture ƙwarya daga jere. Langa da samira da fanteka suka hau bango, gadon ƙarfe mai rumfa ya shigo, lefe ya tashi daga kwando ya koma fantimoti da kwalla. Sunan bai sauya ba, amma abin da yake ciki ya zama sai da tsabar kuɗi.

Duk da haka tsohuwar dabara ta jure, domin kwano yana da wata siffa da ta dace da ita: ba ya ruɓewa, ana sayensa ɗaya-ɗaya, ana kuma iya sayar da shi ranar matsi. Na taso na tarar da tsofaffin gidanmu suna iya faɗin tarihin kowane kwano da yake jere a ɗakunansu, wanda aka saya da kuɗin adashi, da wanda goggo ta kawo, da gurbin wanda aka sayar a shekarar fari aka sayi hatsi. Jere taskar mace ce, kuma idan aure ya mutu da abinta take fita.

Amma tarin yana da nasa farashi. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna cewa tallan 'yan mata shi ne babbar hanyar tara kayan ɗaki a gidajen talakawa, tun da uwaye suna cikin kulle. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a 1976, sai aji da faranti suka shiga takara a kan lokacin yarinya. Uwaye da yawa sun zaɓi talla saboda tsoron ranar da dangin miji za su zo ganin ɗaki su tarar da bango fayau. Har gobe wannan tsoro yana cikin abubuwan da suke cire yara mata daga makaranta.

Arzikin mai da bayansa

Naira ta maye gurbin fam a 1973, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, kuɗi ya yawaita a hannun ma'aikata da 'yan kwangila. A wannan zamani ne lefe ya zama jerin akwatuna, leshi da shadda da sarƙar gwal suka shiga lissafi, kabet da tangaran da kujerun kushin suka zama ma'aunin gata. Abin da attajiri ya yi bana, shi matsakaici yake kwaikwayo baɗi, daga nan ya zama dole a kan talaka.

Da farashin mai ya faɗi, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta zube. A Nijar ma an rage darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994. Masaƙun Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, suka yi ta rufewa, har atamfar da ake saye a Kantin Kwari ta koma mafi yawa ta waje. Samu ya ragu, amma ma'aunin da aka kafa a shekarun wadata bai sauko ba. A lokaci guda gandu ya watse, saurayi ya koma birni yana neman na kansa, ga haya a gabansa. Nauyin da a da gida guda yake ɗauka cikin shekara 10, ya dawo kan mutum ɗaya cikin wata 6. Adabin kasuwar Kano ya kama wannan damuwa; littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino an gina shi ne a kan soyayyar 'yar masu kuɗi da saurayi talaka, kuma karɓuwar da ya samu shaida ce cewa ya taɓa inda yake yi wa matasa ƙaiƙayi.

Yunƙurin gyara

An gwada magani iri uku. Na farko doka: gwamnatin soja ta Seyni Kountché, wadda ta mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ta ƙayyade kuɗin aure, haka ma wasu masarautu da garuruwa a Nijeriya sun sha yanke iyakar lefe. Na biyu wa'azi: ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yaƙi bukukuwan da take gani bidi'a ne da almubazzaranci, kuma wannan yana cikin abin da ya jawo mata matasa. Na uku tallafi: gwamnatin Kano ta hannun Hukumar Hisba ta aurar da zawarawa 100 a 2012, ta ɗaura aure 1,111 a 2013, sannan 1,800 a watan Oktoba na 2023, tana biyan sadaki da kayan ɗaki da ɗan jari.

Kowanne ya yi amfani, amma babu wanda ya kashe wutar. Doka takan kama abin da ake faɗa a bainar jama'a, sai kuɗin ya sauya suna ya bi ta bayan gida. Barbara Cooper, a nazarinta na aure a Maraɗi da aka buga a 1997, ta nuna cewa mata suna riƙe da musayar kayan biki ne domin a nan darajarsu da dukiyarsu da zumuncinsu suke bayyana. Wanda ya ce a soke kayan ɗaki bai tanadar wa mace wata taska ba, ya raba ta da abin da za ta dogara da shi ranar saki ko takaba. Tallafin gwamnati kuwa, ko ya kai dubu biyu, bai fi cikin cokali ba a jihar da take da mutane miliyoyi.

Kammalawa

Daga wannan tarihi na fitar da ma'auni guda da nake ganin zai amfani mai shirin aure da ƙaramin ƙarfi. Kashe-kashen biki kashi biyu ne: abin da zai kwana a ɗakin amarya ya zama nata, da abin da zai ƙare kafin gari ya waye. Sadaki da katifa da tukunya da keken ɗinki ko wani jari suna cikin kashi na farko, kuma su ne magadan ƙwarya da kwano. Hayar zauren taro da anko kala-kala da liyafar dare da masu ɗaukar hoto suna cikin na biyu, kuma yawancinsu baƙi ne da ba su daɗe da shigowa ba. Idan za a yi yanka, daga nan ya kamata wuƙa ta fara.

Sauran darussan ma a fili suke. A fara tanadi da wuri, ta adashi ko ajiya, ba tare da an cire yarinya daga aji ba. Iyayen ɓangarorin biyu su zauna tun kafin sa rana, kowa ya faɗi iyakar ƙarfinsa, domin kunyar yini ɗaya ta fi bashin shekara 3. Gudummawa ta koma ga abin da ake buƙata: baffa ya ɗauki katifa, inna ta ɗauki tukwane, abokai su haɗa kuɗin haya maimakon ɗinkin anko. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin komai ya yi tashin gwauron zabo, kuma samari da 'yan mata da dama suna zaune ba aure saboda akwatunan da shari'a ba ta nema ba. Magabata ba su fi mu dukiya ba. Sun dai san cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma daidai ruwa daidai tsaki. Allah Ya ba mu ikon ɗaukar abin da ya yi kyau daga gare su, Ya sanya albarka a gidajen da ake ginawa.