Yadda ake shirya motar lantarki don tsere, da abin da zafin Damagaram ke koya mana

Motar lantarki ita ce wadda ba ta shan fetur ko gazuwal. Batir take ɗauke da shi, a yi mata caji kamar wayar hannu, sai injin lantarki ya juya tayoyi. A ƙasashen da ake wasan tseren motoci, akwai masu ɗaukar irin wannan mota ta hawa ta yau da kullum su gyara ta don shiga filin tsere, wato hanyar kwalta da aka kewaye musamman don gudu. Mutum zai zaci ƙarfi suke ƙara mata. To, ƙarfi dama tana da shi tun daga masana'anta. Abin da suke yaƙi da shi abu biyu ne: zafi da nauyi.

Zafi ne babban abokin gaba

Batirin waɗannan motoci na sinadarin litiyom ne, irin na cikin wayoyinmu, sai dai an haɗa ƙwayoyi masu yawan gaske wuri guda. Ya fi son yanayi mai matsakaicin ɗumi. Idan direba ya danne totur ya daɗe, batir da injin duka sukan yi zafi, sai kwamfutar motar ta rage ƙarfi da kanta don kada batir ya lalace. Shi ya sa za ka ga mota ta tashi kamar kibiya a zagayen farko, kafin a yi zagaye kaɗan ta koma tafiyar hawainiya.

Don haka aikin farko shi ne sanyaya. Ana sa lagireto mai girma, a buɗe wa iska hanya ta gaba, a tabbatar ruwan da ke zagaya batir yana gudu yadda ya kamata. Ba kowace mota ce ke da wannan ruwan ba. Tsofaffin samfuran Nissan Leaf, alal misali, iska kawai ke sanyaya batirinsu, shi ya sa ba sa jure dogon gudu. Motocin Tesla kuwa da ruwa ake sanyaya nasu, kuma a 2018 kamfanin ya fito da wani tsari a cikin kwamfutar Model 3 wanda ke ƙara sanyaya mota lokacin tsere.

Nauyi da birki

Batir kaɗai yakan kai kilo 300 zuwa 500, wani ma ya fi haka. Tsayar da mota mai irin wannan nauyi daga gudu mai tsanani ba wasa ba ne. A hanya ta yau da kullum injin lantarki yana taimaka wa birki: da direba ya ɗaga ƙafa, injin sai ya koma kamar janareto, ya rage gudu kuma ya mayar da wuta cikin batir. Amma idan batir ya cika maƙil, ko ya yi zafi, wannan taimakon yana raguwa, nauyin duka ya koma kan birki na ƙafa.

Saboda haka ake canza takalman birki zuwa masu jure zafi, a sa fayafayan birki masu girma, a canza man birki. Man birki na gama-gari yana iya tafasa, kuma idan ya tafasa direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse ba komai. Daga nan sai tayoyi masu kama kwalta, da shakazoba mai tauri don kada mota ta riƙa tangaɗi a kwana. Ana cire kujerun baya don rage kaya, a haɗa ƙarafa kamar keji a cikin mota don kare direba idan ta kife.

Inda aka gwada abin

Gasar Formula E, wadda motocin lantarki zalla ke yi, ta fara a birnin Beijin na ƙasar Sin a 2014. A shekaru huɗu na farko batir ba ya kai mota ƙarshen tsere, sai direba ya tsaya a tsakiya ya sauka ya shiga wata motar. Sai a 2018 aka samu batirin da ke gama tsere a caji guda. Gasar ta zo Afirka a 2016, a Marakesh ta ƙasar Maroko.

Mu a Nijar tseren da muka fi sani shi ne Paris-Dakar, wanda tun karon farko a 1979 ya ratsa Agadas da Yamai, daga baya kuma ya yi shekaru yana keta hamadar Tenere. Tun 2020 a Saudiyya ake yin sa. A 2024 Carlos Sainz, ɗan ƙasar Sifen, ya lashe shi da motar Audi wadda injin lantarki ke juya tayoyinta. Amma ku lura: an sa mata injin fetur a ciki wanda aikinsa kawai ya riƙa cajin batir, domin a cikin rairayi babu inda za a tsaya caji.

Nan kusa da mu

A arewacin Najeriya ma ana taɓa wannan fanni, ko da yake ba don tsere ba. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, yana cikin waɗanda suka zana motar Chevrolet Volt a Amurka, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar kula da ƙera motoci ta Najeriya. A zamaninsa, a 2021, aka buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan motocin bas yana sa musu batir da injin lantarki.

Abin da ya shafe mu

A Waca, ko Magarya, ko Dungas, ba mu da filin tsere. Amma zafin da mai tsere ke jawo wa motarsa da gangan, mu rana ce ke kawo mana shi kyauta. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a jihar Damagaram. Ga rairayi, wanda ke sa injin ya ja wuta fiye da kan kwalta. Ke nan duk wanda zai sayi mota, babur ko adaidaita mai batir, darasin masu tsere nasa ne.

Ka tambaya yadda ake sanyaya batirin kafin ka biya kuɗi. Ka ajiye abin hawa a inuwa. Idan ka dawo daga doguwar tafiya, ka bari batir ya huce kafin ka sa caji, kuma ka yi amfani da cajar da aka yi dominsa. Batirin da ya kumbura, ko ya fashe, ko yake wari, a fitar da shi daga ɗaki, nesa da zana da rumbu. Wutar litiyom tana da wuyar kashewa, kuma takan sake tashi bayan an zaci ta mutu.

Ga kanikawanmu kuma, musamman yara masu koyon aiki a gareji: batirin motar fetur da kuka saba da shi bolt 12 ne. Na motar lantarki yakan kai bolt 400, wasu ma 800. Wayoyin da ke ɗauke da wannan wuta launin ruwan lemo ake yi musu don gargaɗi. Taɓa su ba tare da horo da safar hannu ta musamman ba yana iya kashe mutum nan take. Birki, taya da shakazoba aikinku ne, kun iya. Batir da waɗannan wayoyi kuwa a bar wa wanda ya koya, har Allah ya kawo mana horon a nan gida.