Arlit: Garin da Kakannin Kowa Baƙi Ne

Daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa shekarun 1920, sama da mutum miliyan ɗaya suka bar ƙasar Suwidin zuwa Amurka, akasarinsu talakawan karkara da suka rasa gonar nomawa. Jikokinsu a yau kan gano ƙauyen da kakansu ya fito cikin sauƙi, domin dokar coci ta 1686 ta ɗora wa malaman majami'a rubuta haihuwa da aure da mutuwar kowa.

Mu a nan, asali a baki yake. Dubi Agalawa, fataken goron da suka gangaro daga arewa, wajen ƙasashen Abzinawa, suka zauna a ƙasar Katsina da Kano, suka riƙa kai ayari Gwanja a ƙarni na 19. Daga cikinsu Alhassan Dantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Da masanin tarihi Paul Lovejoy ya tashi bin sawunsu, a bakin dattawan fatake ya samu yawancin labarin. Da ya makara, da an binne labarin tare da masu shi.

Bayan ƙarni guda sai tafiyar ta juya ta fuskanci arewa. An gano yuraniyom a Azelik a 1957. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, garin Arlit ya tashi a 1969, haƙa ta kankama a 1971. Kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1974, ya gina garin Akokan, ya fara fitar da ma'adini a 1978. Makiyayan Abzinawa ne suka daɗe da sanin wannan fili. Sauran jama'a kuwa neman aiki ya kawo su: Hausawan Maraɗi da Damagaram da Tawa, da Zabarmawa, da mutanen Benin da Togo da Mali. Akwai lebura da direba, akwai mahauci da tela da mai tuwon sayarwa. Saboda wadatar wancan zamani har aka yi wa garin laƙabi da Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpaï ya sa wa fim ɗinsa na 2005. A fim ɗinta na 2016 kuma Amina Weira ta koma Arlit da kyamara, ta bi rayuwar mahaifinta, tsohon ma'aikacin mahaƙa, da ƙurar da ke addabar garin.

Abin da ta yi ya kamata kowane gida ya yi, kuma yanzu. An rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, iyalai da dama suka koma kudu. Waɗanda suka zo da ƙuruciyarsu a shekarun 1970 sun tsufa.

Ɗan Arlit yana da gatan da Agalawa ba su samu ba: kakansa yana da katin aiki, da takardar albashi, da ta fansho, da hotuna. A tattara su, a adana. A zauna da tsoho a tambaye shi garinsu, da sunan mahaifinsa, da sana'ar gidansu, da wanda ya sauke shi ranar da ya iso. A tambayi tsohuwa ma, domin ita ta riƙe zumunta da lissafin aure. A naɗi muryarsu a waya, a rubuta da boko ko ajami, a raba wa 'yan'uwa na Maraɗi da Kano, kada tarihin gida ya tsaya a hannun mutum ɗaya.