Telenobela a ƙasar Hausa

Telenobela wasan kwaikwayo ne na talabijin mai dogon zango wanda ya samo asali daga ƙasashen Latin Amurka. Galibi ana shirya shi da harshen Sifaniyanci a Meziko, Kolombiya da Benezuwela, ko da harshen Fotugis a Brazil. Ta wannan hanya ce mafi yawan masu kallo a ƙasar Hausa suka fara sanin fina-finan wannan yanki, domin ba ta gidajen silima suka shigo ba, ta akwatin talabijin suka shigo, kuma bayan an sauya musu murya zuwa Turanci ko Faransanci.

Asali

Telenobela ta tsiro ne daga wasannin kwaikwayo na rediyo, irin su El derecho de nacer wanda Félix B. Caignet ya rubuta a Kyuba a 1948. A Meziko an fara nuna ta farko, Senda prohibida, a 1958. Labarin yana da farko da ƙarshe, ana nuna shi kashi-kashi na tsawon watanni, kuma jigonsa bai cika wuce soyayya tsakanin talaka da mai kuɗi, rikicin gado, da ɗan da aka ɓoye asalinsa ba.

Shigowa Najeriya da Nijar

Tun daga shekarun 1950 fina-finan Indiya ne suka mamaye gidajen silima na Kano. Telenobela kuwa sai a shekarun 1990 ta yi tashe, lokacin da tashoshin talabijin suka nuna Los ricos también lloran na 1979, wanda 'yan Najeriya suka sani da The Rich Also Cry, da Rosa salvaje na 1987, dukansu tare da jaruma Verónica Castro. Dokar 1992 da ta kafa hukumar NBC ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, kuma waɗannan tashoshi, irin su AIT, sun nuna telenobela da yawa a shekarun 2000. Daga ciki akwai Cuando seas mía na 2001, wanda jama'a suka fi kira da sunan taurarinsa, Paloma da Diego. A 2013 tashar Telemundo ta hau DStv.

A ƙasashen rainon Faransa, ciki har da Nijar, da Faransanci ake kallonsu. Marimar na 1994, wanda mawaƙiya Thalía ta fito a ciki, ya yi suna sosai a yankin, sannan a 2015 kamfanin Canal+ ya buɗe tashar Novelas TV.

Harshe

Mai kallo a Kano ko Maraɗi ba ya jin Sifaniyanci sai a sunayen mutane da waƙar buɗe shiri. Wanda bai ji Turanci ko Faransanci ba yakan bi labarin ta fuska da motsin 'yan wasa, ko wani na kusa ya riƙa yi masa bayani da Hausa. Wannan shinge na daga cikin abin da ya sa telenobela ba ta kamo fina-finan Indiya ba, musamman bayan da kamfanoni irin su Algaita Dub Studio suka shiga fassara na Indiya kai tsaye zuwa Hausa a shekarun 2010.

Kallo a kudancin Kano

A ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran yankunan karkara, kallon taro a gidan kallo ake yin sa, inda ake kafa dish da janareta ana karɓar kuɗin shiga. Maza ne suka fi cika waɗannan wurare, kuma abin da ake zuwa gani daga Sifaniya shi ne ƙwallon ƙafa, wato wasannin Real Madrid da Barcelona. Shirye-shirye masu dogon zango a gida ake binsu, ta tauraron ɗan Adam ko a waya, bayan an je wurin masu tura fina-finai an saka su a memori.

Muhawara

Wasu malamai da iyaye na sukar telenobela saboda sutura, sumbata da cin amanar aure da ake nunawa a fili, suna ganin hakan na ɓata tarbiyya. Masu sha'awarta kuma na cewa jigoginta, kamar tilasta wa 'ya aure da zaluncin mai arziki, ba baƙi ba ne ga mai karanta littattafan soyayya ko mai kallon Kannywood. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana sa ido a kan gidajen kallo da fina-finan da ake sayarwa a jihar, amma abin da ke saukowa daga tauraron ɗan Adam da intanet ba ya bi ta hannunta kafin ya isa gidaje.